Idan tsohon Photoshop ya ƙi buɗe hoton sabuwar kyamara

Mu masu sana'ar hoto kyamara muke canzawa, Photoshop kam sai dai in kwamfutar ce ta mutu. Ka leƙa situdiyoyin unguwa a nan Kano za ka ga mai Photoshop CS6, za ka ga mai CS3, har yau akwai dattawan da Photoshop 7 suke yanka fasfo da shi, kuma wallahi kafin ka gama gyara zama a benci sun cire maka bango sun sa fari sun jera hotunan a takarda ɗaya, shi Photoshop 7 ɗin nan fa tun 2002 ya fito. Ni ma CS6 ne a kan tebur ɗina, hannuna ya saba da shi, na san inda komai yake ba sai na duba ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Rigimar tana tashi ne ranar da sabuwar kyamara ta shigo shago, ko ka saya ko ka ɗauko haya ko wani ya kawo maka kati ka gyara masa, ka ja hoto ka jefa cikin Photoshop sai ya turo maka ɗan akwatin nan mai cewa ba zai iya ba, wai fayil ɗin daga wata kyamara yake wadda Camera Raw ɗin da ke kan na'urar, wato ɓangaren da ke karanta ɗanyen hoton kyamara, bai san ta ba. Wani lokacin ko wannan bayanin ba za ka samu ba, cewa kawai zai yi wannan ba irin fayil ɗin da yake buɗewa ba ne.

To ba abin da ya lalace. Hoton lafiyarsa ƙalau, katin lafiyarsa ƙalau, Photoshop ɗin ma haka. An rubuta manhajar ne tun kafin a ƙera kyamarar, shi kenan zancen, kuma akwai hanyoyin haɗa su aiki ba tare da ka sayi komai ba.

Na dage a kan wannan ne saboda abin da tsoro ke sa mutane su yi. Akwai wani yaro da ya yi koyo a wajena na yaye shi, yanzu yana cin gashin kansa, ya samu aikin biki tun daga kamu har dina sai ya ɗauko hayar Canon 90D don ya fita kunya, ashe wanda ya riƙe kyamarar kafin shi ya bar ta a kan RAW zalla, wato ɗanyen hoto ba JPEG ba, shi kuma bai duba ba ya yi ta harbi. Da daddare bayan isha sai ga shi a shago gumi har cikin ido, ya ce Oga hotunan nan sun ƙone, na kai wajen wani ya ce bairos ne ya ci katin, wai in yi fomat in gwada manhajar dawo da fayil. Na ce kai, ka yi fomat ɗin? Ya ce a'a Oga, na ce bari in fara zuwa wajenka. Na ce Allah ya taimake ka, miƙo katin. Na tura ɗan makullin nan na gefen kati ƙasa tukunna don kada wani abu ya rubutu a kai, na sa a kad rida, na kwafe komai zuwa kwamfuta, sai ga fayiloli reras kowanne da wutsiyar CR3, kowanne megabayit talatin da wani abu. Fayil ɗin da ya ƙone bai cika zuwa da cikakken nauyinsa a jere haka ba. Kafin mai shayin bakin titi ya tashi mun fara ganin amarya a allo.

Bari in yi bayanin abin da ke ciki, don in ka gane shi ba za ka ƙara firgita ba. JPEG an riga an dafa shi a cikin kyamara, RAW kuwa cefane ne aka miƙo maka. Sensar kyamara ba ta ganin launi, haske kawai take aunawa, sai aka shimfiɗa mata wani tace mai ƙananan gidaje ja da kore da shuɗi, rabi kore ne, kwata ja, kwata shuɗi, tsarin da wani ma'aikacin Kodak mai suna Bryce Bayer ya samu rajistarsa a 1976 kuma har yau yawancin kyamarori shi suke bi. Kenan kowane ɗigo launi ɗaya tak ya sani, sauran biyun sai manhaja ta lissafo su daga maƙwabtansa. Kuma kafin ta yi lissafin sai ta san inda baƙi ya fara a wannan sensar, inda fari ya ƙure, irin jan da tacen ke bari ya wuce, da yadda kamfanin ya matse bayanan a cikin fayil. Waɗannan abubuwan kowane samfurin kyamara da nasa. Shi ya sa mutane ke ruɗewa, mutum zai ce mini ai Oga CR2 ne, jiya ma na buɗe CR2. Eh ka buɗe na Canon 600D wadda ta fito 2011, wannan kuwa na 80D ne wadda ta fito 2016, wutsiyar ce ɗaya amma manhajar sunan kyamara take dubawa a cikin fayil ɗin, in babu shi a jerin da ta sani sai ta ce ba ta iya ba. Haka NEF na Nikon, haka ARW na Sony, haka RAF na Fujifilm. Shi CR3 ma nasa ya fi nisa, Canon ta fara shi a 2018 da M50, kuma ginin fayil ɗin gaba ɗaya daban ne da na CR2.

Me ya sa ma ake wahalar RAW ɗin? Saboda JPEG mataki 256 yake da shi tsakanin baƙi da fari a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384. A wajen biki ne za ka san amfanin wannan, ango cikin farar shadda mai sheƙi a tsakar rana ga abokinsa baƙi wuluk a gefensa cikin inuwar rumfa, a JPEG in aikin wuyan babbar rigar ya ƙone ya tafi kenan, a RAW sau da yawa kana ja masa haske baya sai ka ga zaren ɗinkin ya dawo.

Abu na farko da za ka yi ba ya cin ko sisi, ka duba lambar Camera Raw ɗinka. Shi Camera Raw wani ɗan ɓangare ne daban da ake liƙa wa Photoshop, yana da lambarsa ta kansa, kuma shi ne ke karanta RAW ba Photoshop ba. A Windows ka shiga Help, ka sauko About Plug-In, ka danna Camera Raw, lambar za ta fito. Kowane Photoshop akwai inda nasa ya tsaya ba ya ƙara gaba, CS2 ya tsaya a 3.7, CS3 a 4.6, CS4 a 5.7, CS5 a 6.7, CS6 kuma a 9.1.1 wanda ya fito a tsakiyar 2015, masu Lightroom 6, wata manhajar gyaran hoto 'yar'uwar Photoshop, nasu ya tsaya a 6.14 a ƙarshen 2017. Abin da na lura da shi shi ne da yawan mutanenmu ba su ma kai rufin nasu ba. CS6 da 7.0 yake zuwa, mai gyaran kwamfuta ya ɗora maka shi haka ka ɗauka ka tafi, shekara da shekaru ba afdet, sai ka sayi 700D ko 70D ko Nikon D750 ya ƙi buɗewa ka ce ai CS6 ya tsufa, alhali 9.1.1 kawai za ka ɗora duk waɗannan su buɗe. Haka mai CS5 da ya samu 5D Mark III, 6.7 ya san ta. Masu CS2 da CS3 nasu da hannu ake yi, fayil ɗaya ne mai suna Camera Raw.8bi, za ka rufe Photoshop ka je Program Files, Common Files, Adobe, Plug-Ins, ka shiga foldar CS ɗinka ka shiga File Formats ka cire tsohon ka sa sabon. Ka fitar da tsohon daga foldar gaba ɗaya fa, kar ka canza masa suna ka bar shi a wurin, in suka zama biyu Photoshop yana iya ɗaukar tsohon ka zauna kana mamakin me ya sa ba abin da ya canza.

In ka kai rufi kuma kyamarar ta fi shi ƙuruciya, to nan ne DNG Converter ke shigowa, kuma ni a wajena ita ce hanyar da ta fi kowace dacewa da mai shago. Adobe, kamfanin da ya yi Photoshop, ita ce ta fito da tsarin DNG a 2004 don a samu RAW ɗaya da kowa zai iya karantawa, kuma manhajar da ke juya fayil zuwa DNG kyauta take ba da ita har yau, ba lasisi ba biyan wata, kuma duk sanda aka ƙara sabbin kyamarori a Camera Raw ita ma ana ƙara mata. Abin da take yi shi ne ta karanta CR3 ko NEF ɗinka, ta sake zuba bayanan sensar a sabon fayil, ta rubuta duk bayanin nan na baƙi da fari da launi a cikin fayil ɗin kansa, don haka tsohon Camera Raw ba ya buƙatar sanin kyamarar, komai yana gabansa. Hoton yana nan a RAW ɗinsa, za ka ja haske ka gyara fari kamar yadda ka saba.

Amma tana da 'yan halaye da ke kayar da mutane. Na ɗaya, folda take karɓa ba hoto ɗaya ɗaya ba, in ka danna Select Folder ka shiga inda hotunan suke za ka ga wayam kamar ba komai a ciki, mutane da yawa nan suke juyawa su ce ita ma ba ta gani, a'a haka take, ka zaɓi foldar kawai ka ci gaba. Na biyu kuma shi ne babba, a ƙasa akwai Change Preferences, cikinsa akwai Compatibility, dole ka zaɓi wanda bai wuce Camera Raw ɗinka ba. Mai CS6 ya ɗauki 7.1, mai CS5 ya ɗauki 6.6, mai CS4 5.4, mai CS3 4.6, mai CS2 ya sauko 2.4. In ka bar shi a kan na sama za ka zauna ka juya hoton biki guda janareto na shan mai, ka gama Photoshop ya sake ce maka bai san wannan ba. Ni shi ya sa nake ware hoto biyu uku a wata ƙaramar folda in gwada su tukunna. Akwai wurin da aka ce Embed Original Raw File, wato a cusa asalin fayil ɗin a cikin DNG, wannan ninka maka nauyi zai yi, ba na taɓa shi tunda ina ajiye asalin daban. Lossy Compression ma ka bar shi ba alama.

Sai matsalar Windows. Dole DNG Converter ɗin ta zama ta fito bayan kyamararka, sababbin kuma ba sa hawa Windows 7, wanda Microsoft ta daina kula da shi tun Janairun 2020 amma yana nan daram a shaguna da yawa saboda tsohuwar firinta da ba ta da direba a sabon Windows. Ba sai ka taɓa wannan kwamfutar ba. Ka ɗora manhajar a wata laftof mai sabon Windows, taka ko ta ƙaninka ɗan makaranta, ka juya a can, ka kwaso DNG a filash ka kawo shago. Nauyinta ba kaɗan ba ne saboda bayanan kyamarori da lens da ta ƙunsa, don haka a datar dare ake sauke ta, kuma daga shafin Adobe kai tsaye. Abin da ake bayarwa kyauta ban ga dalilin da zai sa ka je nemansa a shafin da ke buɗe maka tagogi goma ba, daga irin nan ne ainihin bairos ɗin ke shigowa.

Yanzu abin da ba a cika faɗa ba. In ka buɗe DNG ɗin za ka ga launin ba daidai yake da wanda ka gani a bayan kyamara ba, ya ɗan kwanta, jan leshin ƙawayen amarya ya koma wani iri, lallen hannu bai fito da zafinsa ba, fatar ma wani sa'in ta ɗan yi toka. Ba juyawar ce ta ɓata shi ba. Abin da kake gani a bayan kyamara wani JPEG ne da take dafawa ta ɓoye a cikin RAW ɗin, da saitin launinta, Picture Style in Canon ce ko Picture Control in Nikon ce, shi kuwa Camera Raw da nasa lissafin yake farawa. Ka shiga shafin Camera Calibration mai alamar kyamara, a wajen Camera Profile in ka ga Camera Standard ko Camera Portrait ka gwada su, yawanci sun fi kusa da abin da ka gani, in ba su fito ba ka gyara hoto ɗaya da hannu har fatar ta yi maka, ka ajiye saitin ka zuba wa sauran. Kuma don Allah kar ka goge asalin fayilolin don ka samu DNG. Manhajar Canon ba ta buɗe DNG, ta Nikon ma haka, ranar da uwar amarya ta dawo ta ce launin ashoben nan ba shi ba ne, asalin ne zai cece ka.

Wannan ya kawo ni hanya ta biyu, manhajar kamfanin kyamarar. Canon tana da Digital Photo Professional, Nikon tana da NX Studio tun 2021, Sony tana da Imaging Edge, duk kyauta, kuma su ne ke ba ka launin nan sak irin na bayan kyamara tunda girkin gidansu ne. Ka gyara haske da fari a ciki ka fitar da JPEG ko TIFF, wani nau'in fayil ɗin hoto da ba ya rage inganci, sannan ka kai tsohon Photoshop ka yi gyaran fuska da sauran kwalliya. Ga masu Photoshop 7 irin wannan hanya ce za su bi, shi bai san DNG ba sam, kuma su fitar da TIFF mai bit 8 don 7 ba ya yin leya a kan bit 16. Wani ɗan abu, shafin Canon yana tambayar siriyal lambar kyamara kafin ya bari ka sauke, tana nan a ƙasan kyamarar kusa da ramin tirayfod, to in haya ka ɗauko ka ɗauki hoton lambar da wayarka kafin ka mayar.

Sai dai TIFF akwai nauyi, kuma lissafin ba wuya. Hoto mai megafiksel 24 a bit 16 yana kai megabayit 144, a bit 8 rabin haka, na 90D mai 32.5 ya kusa 200. Ka buɗe irin wannan guda biyar a kwamfuta mai ram giga 4 ka ɗora leya a kai, sai ka ji fanka ta fara kuka linzami yana tafiya da kyar, balle CS3 zuwa ƙasa da 32-bit ne, ko ka cika kwamfutar da ram ba za su iya cin fiye da ɗan kaɗan ba. Ni abin da nake yi ina tambayar kaina girman da za a wanke. Hoto mai inci takwas da goma, in kowane inci fiksel 300 ne, fiksel 2400 ne da 3000, wato megafiksel 7 da ɗoriya, biyar da bakwai kuwa 1500 da 2100 ne kacal. To me zai sa in wahalar da tsohuwar na'ura da megafiksel 32 a kan hoton da zai shiga albam? Ina rage girman tun wajen fitarwa, sai 'yan waɗanda za a yi wa babban firem nake bari cikakku. Kuma ka fitar a tsarin launi na sRGB in leb za ka kai, wato wajen wanke hoto. In ka ga sunan fayil ya fara da ɗan layin ƙasa, kamar _MG a Canon ko _DSC a Nikon, alama ce an saita kyamarar a wani tsarin launi daban mai suna Adobe RGB, in JPEG ne ka kai leb haka ba ka juya ba sai hoton ya fito a dushe ka yi ta faɗa da mai injin a banza.

Akwai kuma manhajojin gyaran RAW darktable da RawTherapee, su ma kyauta ne kuma ba na wani kamfanin kyamara ba ne, darktable ta fara karanta CR3 a 3.8 da ta fito Disambar 2021. Suna da ƙarfi sosai, wasu abubuwan ma sun fi tsohon Camera Raw, amma gaskiya ba abin da za ka koya a daren da ake jiran hoto ba ne, maɓallan sun yi yawa kuma tunaninsu daban ne da na Photoshop. Ka ɗora su lokacin azumi da biki ya yi sauƙi ka yi wasa da su a nutse.

In kuwa gaggawa ce, dangin amarya na ta kira suna son abin sawa a sitatus kafin gari ya waye, akwai gajerun hanyoyi biyu. Kyamarori da yawa suna iya juya RAW zuwa JPEG da kansu, yana cikin menu na kallon hoto, ba kowace ba dai, ƙananan na masu farawa wasu ba su da shi. Ko kuma ka ciro JPEG ɗin nan da na ce yana ɓoye a cikin RAW, a yawancin Canon da Nikon cikakken girma ne, manhajar ExifTool na fito da shi, sabon FastStone ko IrfanView na kallon hoto ma shi suke nuna maka kuma za su iya adana maka folda guda a tashi ɗaya. Ba shi da zurfin RAW amma na WhatsApp ya ishe shi har ya yi yawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dabarar nan ta canza sunan kyamara a cikin fayil, a mayar da sabuwa ta zama tsohuwar da manhajar ta sani. Wani lokacin yana buɗewa in sensar ta yi kama, amma launi na iya karkacewa gefen hoto ya yanke, kuma kana taɓa cikin fayil ɗin mutane ne wanda ba za a sake ɗaura auren don kai ba. Canza wutsiya daga CR3 zuwa CR2 ko JPG kuwa ba ya yin komai, ɓata lokaci ne.

Ba kullum RAW ne mai laifi ba. Wani zai kawo hoton iPhone a yi masa fasfo ka ga wutsiyar HEIC, tun iOS 11 a 2017 wayar ke ajiye hoto haka, tsohon Photoshop bai san shi ba, sai a juya shi JPEG tukunna, ko ka ce wa mai wayar ya shiga Settings, Camera, Formats ya zaɓi Most Compatible ya sake ɗauka. Wani kuma JPEG ne sak da aka turo ta WhatsApp amma Photoshop ya ce ya kasa karanta bayanansa, wannan ka buɗe shi a Paint ka sake adanawa da sabon suna, shi kenan ya wuce. Sai kati, daga giga 64 zuwa sama SDXC ne kuma tsarin exFAT yake bi, tsohuwar kad rida ko Windows XP da ba a yi wa afdet ba sai su kasa gane shi, Windows ya fito da tambayar ko a yi fomat. Amsar a'a ce, ka canza kad rida.

Wani zai ce duk wannan zagaye na mene ne, ka biya sabon mana. Ba na musu, sabon ya fi. Tun 2013 Adobe ta koma tsarin biyan wata wata, na masu hoto ya fara a kan kusan dala 10, kuma abubuwan da aka ƙara ba wasa ba ne, Dehaze mai cire hazo ko a CS6 mai 9.1.1 babu shi, ga zaɓen mutum ko sama da dannawa ɗaya, ga Denoise da ya zo a 2023 wanda ke share ƙurar hoton da aka ɗauka a holin dina mai fitilu shuɗi da ja. Wanda ke ɗaukar manyan bukukuwa duk mako, yana da kwamfuta mai ƙarfi da sola, ya biya kawai, aiki ɗaya ya mayar masa da kuɗin. Amma mai shagon da rabin cinikinsa fasfo ne da hoton suna da na sauka, dala na hawa, an yi lokacin da katin naira ma ba ya biya a waje, kuma sabon Photoshop ɗin ba zai ko hau kwamfutarsa ba sai ya sake wata, wannan ban ga abin da zai sa a raina shi don ya riƙe abin da ke yi masa aiki ba. Kwastoma hoto yake karɓa, bai taɓa tambayata lambar manhaja ba.

Duk kyamarar da ban taɓa aiki da ita ba, kafin in fita da ita sai na harbi ƙofar shago sau ɗaya na cire kati na ga hoton ya buɗe a kwamfutata tun daga farko har ƙarshe, sannan in saita ta a RAW da JPEG tare, kati ya fi saurin cika amma ko me ya faru akwai abin miƙa wa mutane. Sai kuma ita tsohuwar kwamfutar, a yi hattara da masu gyara masu saurin cewa a yi mata fomat, Adobe ta rufe sabar da ke tabbatar da lasisin CS2 da CS3 da CS4, in aka goge maka mai lasisi mayar da shi ba ƙaramin aiki ba ne. Ni ina da filash guda da ba ya fita shago, a ciki akwai Camera Raw 9.1.1 da direban firinta da saitin launina. Kuma tunda Windows 10 ma wa'adinsa ya cika a Oktoban 2025, na zare wa kwamfutar gyara intanet gaba ɗaya, saukewa da juyawa duk a laftof nake yi, ita kuwa DNG da TIFF kawai take gani.